Ƙwayar zarra da abin da ke gudana cikin wayarka

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni ɗan koyo ne a wani shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Maigidana ya ce duk wanda bai san elektiron ba, canjin kaya kawai yake yi, ba gyara ba. Mene ne elektiron, kuma me ya haɗa shi da batir?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya yi gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Duk abin da ke kan teburinka, daga dalma har gilashin waya, tarin ƙwayoyin zarra ne. Ƙanƙantarsu ta kai a jera na jan ƙarfe wajen miliyan 4 kafin su cika milimita ɗaya. Kowace ƙwaya tana da cibiya, inda furoton da niyutiron suke dunƙule. Furoton yana ɗauke da cajin tarawa (+), niyutiron ba shi da caji, elektiron kuwa mai cajin ɗebewa (−) a kewayen cibiyar yake. Da za a hura ƙwayar ta kai filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa a tsakiyar fili ba, amma kusan duk nauyin a can yake, domin furoton ɗaya ya ninka elektiron nauyi sau 1,836. J.J. Thomson ne ya gano elektiron a 1897, Ernest Rutherford ya gano cibiyar a 1911, James Chadwick ya gano niyutiron a 1932, dukkansu a Ingila.

Yawan furoton shi ke ba abu sunansa: 3 litiyom ne, 14 silikon, 29 jan ƙarfe. Wannan adadi ba ya motsi a shagonka. Masu yawo su ne elektiron ɗin da ke can gefe, kuma tafiyarsu ita muke kira wuta.

Litiyom yana da elektiron 3, biyu a ciki, ɗaya a waje wanda ba ya da wuyar saki. Idan ka jona caja, ƙwayoyin litiyom da suka rabu da wannan elektiron sukan bar ɓangaren (+), su ratsa ruwan batir da wata siririyar leda da ke tsakani, su maƙale cikin girafayit, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Ledar ba ta barin elektiron ya wuce, dole ya zagaya ta waje. Ka cire caja, tafiyar ta juya, elektiron ɗin su bi ta fanel, wato allon da ke ɗauke da na'urorin cikin waya, suna kunna fuska da sifika a hanyarsu ta komawa. Yawancin batiran waya an rubuta musu bolt (ma'aunin ƙarfin da ke tura elektiron) 3.7 zuwa 3.85, suna cika a 4.2 zuwa 4.4.

Kumburi daga nan yake farawa. Zafi ko cajin da ya wuce kima yana lalata ruwan batir, ya koma iska a cikin jakar da ba ta da mafita. A Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wayar da aka bari tana caji a gaban mota tana cin ranta ne. In za ka tayar da batirin da ya mutu murus da na'urar ba da wuta ta teburin gyara, sa ta a bolt 4.2, ka taƙaita ƙarfin kada ya wuce amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 0.3, kana taɓawa kana jin ɗuminsa. Wanda ya riga ya kumbura ba a tayar da shi, ba a kuma huda shi don a sace iskar, duk da na san ana yi. Allura ta keta ledar nan, (+) da (−) sun haɗu ke nan, sai gobara.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Tarauni. Da hunturu, in na taɓa jikin kwamfuta sai ta ɗan ja ni, ko da babu wuta. Lalacewa ta yi?

Amsa: Hajiya, ke ce kika ja ta. Gogayyar mayafi ko rigar sanyi da kujerar roba tana kwashe elektiron daga wani jiki zuwa wani. Da damina laimar iska kan janye su a hankali, da hunturu kuwa iska a bushe take, sai su taru a jikinki har ki taɓa ƙarfe su fice lokaci guda. Mutum ba ya ji sai abin ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ai-si, wato ƙananan na'urorin da ke cikin kwamfuta da waya, ƙasa da bolt 100 ma na iya illata su. Da silikon ake yin su, mai elektiron 4 a waje, ana ɗan barbaɗa masa fosfaras mai 5 ko boron mai 3 don a samu ƙofofin da ke buɗe wa wuta hanya su kuma rufe, kuma katangar waɗannan ƙofofi siririya ce ƙwarai. Taɓa jikin kwamfutar daga waje ba matsala. Amma duk wanda zai buɗe ta, ya zare filogi, ya fara taɓa ƙarfen akwatin, ya riƙe RAM, wato ɗan allon ma'adanar kwamfuta, ta gefe, ban da haƙoranta masu ruwan zinare. Idan kuwa jan yana zarcewa muddin tana jone, wannan ba hunturu ba ne, wayar ƙasa ce babu a soket ɗin, a kira mai gyaran wuta.

Tambaya: Me ya sa kebur mai araha ke ɗumi, caji kuma ba ya sauri?

Amsa: Amfiya ɗaya tana nufin elektiron sama da biliyan biliyan 6 ne ke wucewa kowace daƙiƙa. Jan ƙarfe yana ba su hanya sosai, alminiyom kuwa wajen kashi 61 cikin 100 na hakan yake iyawa. Kebur mai araha siraran zare ne a cikinsa, sau da yawa alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, sai wani ɓangare na ƙarfin wutar ya ƙare a ɗumi kafin ya isa waya. Ka kankare zare ɗaya da reza, in fari ya bayyana, ka gane. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri.

Tambaya: An ce fashewar batir irin ta nukiliya ce, ƙarama. Haka ne?

Amsa: A'a. Makamashin nukiliya daga tsaga cibiyar ƙwayoyi masu nauyi irin yuraniyom yake fitowa. A batir cibiyar litiyom tana nan da furoton ɗinta 3, kafin gobara da bayanta. Ruwan cikinsa ne mai kama wuta. In ya fara hayaƙi, a matsa nesa, a buɗe taga, kada a shaƙa.