Ga ƙanwata mai shirin zuwa aikin jinya a Ingila

Salamu alaikum ƙanwata. Kin tambaye ni ko baƙar fata na samun adalci a nan idan aka nuna mata wariya a wurin aiki, kuma ko akwai ɗaukaka ƙara idan ta sha kaye. Akwai duka biyun, amma ina so ki san tsarin tun kina gida.

Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata, ƙabila ko ƙasar asali, kuma tana kare ki tun ranar da kika nemi aikin. Kotun ma'aikata ce ke sauraron irin wannan ƙara, ba a biyan ko sisi tun 2017. Kafin ki shigar, dole ki sanar da hukumar sasanci ta Acas. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne wa'adi: ki ɗauka wata uku ne ban da kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru. Mu da aka rena da "a yi haƙuri" sai mu zauna jiran kwamitin asibiti ya gama bincike, alhali ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da lissafin kwanakin. Don Allah kada ki jira.

Sai hujja. Wani ɗan Najeriya, Efobi, mai raba wasiƙu a Royal Mail, yana da takardun ilimin kwamfuta, ya nemi muƙamai sama da 30 a kamfanin bai samu ko ɗaya ba. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2021 ta ce mai ƙara ne zai fara kawo abin da zai sa a zargi wariya, sannan nauyin wanke kai ya koma kan mai ba da aiki. Hukuncin ya ba ni takaici, domin wariya a nan ba a fili ake yin ta ba, kuma takardun duk suna hannun kamfani. Shi ya sa nake roƙonki ki riƙa rubuta komai a ranar da ya faru: wa ya ce me, a gaban wa, wace abokiyar aiki aka yi wa sassauci a kan irin laifin da aka hukunta ki.

Ɗaukaka ƙara kuwa ba sake shari'a ba ce. Kotun sama ba za ta sake jin shaidu don an ƙi yarda da maganarki ba. Kuskuren doka kaɗai take dubawa: an fassara doka a karkace, ko an hana ki damar amsa wata hujja, ko alƙali bai bayyana dalilansa ba. Ki nemi dalilan hukunci a rubuce cikin kwana 14, sannan kina da kwana 42 daga ranar da aka aiko su, kuma da wuya su yafe latti.

Na san bizarki na ɗaure da mai ba ki aiki wanda ya ɗauki nauyinki, tsoron ba na banza ba ne. Amma doka ta hana a muzguna miki don kin yi ƙorafin wariya. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, Unison ko RCN, a satin farko, domin galibi ba sa ɗaukar matsalar da ta riga shigarki. Ki gaishe min da su Inna.