Amsa ga 'yar'uwar da aka ba riƙon sashen kula da yara a ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki. Kin ce an ba ki riƙon sashen jin daɗin jama'a a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Daura, ma'aikata biyar ne a ƙarƙashinki, biyu sun girme ki, babu mota babu kuɗin gudanarwa, kuma maganganun yara ne suka fi yawa a kan teburinki, kina so ki san ta ina za ki fara. To, Allah ya taya ki riƙo. Na daɗe a wannan aikin a yankin nan namu kafin in ajiye, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Waɗanda suka riga ni amsawa sun ce ki nemi doka ki karanta, ki kuma nemi ƙungiyoyi masu tallafi. Duk gaskiya ne. Amma a ganina akwai abin da ya riga waɗannan. Tun a makon farko ki zauna da ma'aikatanki ku rabe tsakanin maganar da ake sulhu a kanta da wadda ba a yi, sannan ki sanar da su cewa nauyin ta biyun a wuyanki yake, ba a wuyansu ba.

Yawancin abin da zai zo miki na sulhu ne. Miji ya saki mata ya ƙi ciyar da 'ya'ya. Uba ya ƙwace yaron da ko yaye shi ba a yi ba ya kai wa kakarsa. An cire yarinya daga makaranta an ɗora mata farantin talla. Irin waɗannan zama suke so da haƙuri, a kira mai unguwa, a kira liman, a kira kawun da ake jin maganarsa a gidan, a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu. Kotu sai in sulhun ya ci tura, domin yaron nan a cikin dangin nan zai tashi, kuma da uban da aka kunyata a bainar jama'a zai ci gaba da zama. Amma fyaɗe, ko ƙona yaro da wuta da sunan horo, ko dukan da ya kai ga karaya, ko safarar yaro, waɗannan laifuka ne. Babu ma'aikacin jin daɗin jama'a da yake da hurumin yafe su a madadin yaro.

A nan ne ake karya ƙananan ma'aikata. Kafin azahar an turo dattijo ya zo gaisuwa. Kafin la'asar wani mai muƙami ya bugo waya. Kalmomin kuwa ba sa canzawa: a rufa asiri, ai ɗan gida ne, ai tsautsayi ne, idan maganar ta fita yarinyar ba za ta samu miji ba. Wani lokaci uwar da ta kawo ƙara da safe tana kuka ita ce za ta dawo da yamma tana roƙon a kashe maganar, domin an ce mata ta zaɓi aurenta ko shari'a. Ma'aikaciyar da ke ƙaramin mataki, wadda gidansu yake layi ɗaya da na wanda ake zargi, ba za ta iya tsayawa a gaban wannan ba, kuma bai kamata a ɗora mata ba. Tsarin da na bi shi ne, ranar da irin wannan magana ta shigo, a ranar take komawa sunana. Duk wanda ya je wa ma'aikacina da roƙo, amsarsa ɗaya ce: ta fi ƙarfina, tana wurin shugaba. Ni kuma in karɓi baƙo da mutunci, in ba shi ruwa, in ce masa takarda ta riga ta tafi wurin 'yan sanda, kuma ta tafi ɗin, domin nakan tura ta kafin kowa ya iso. Za a ji haushinki. Gara a ji haushin mutum ɗaya da ya san abin da yake yi da a ce kowane ma'aikaci yana yanke nasa hukunci gwargwadon wanda ya matsa masa.

Bari in tsaya kaɗan a kan fyaɗe, don a nan kuskuren sa'o'i kaɗan yake ɓata komai. Abin da uwa take fara yi, saboda ƙauna da ruɗewa, shi ne ta yi wa yarinya wanka da ruwan zafi ta wanke kayan da ke jikinta. Ki koya wa ma'aikatanki, su kuma su koya wa ungozomomi da matan unguwa, cewa kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su a takarda ba a leda ba, a nufi asibiti. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan abu sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Saboda haka asibiti ba ya jiran zaman dangi. Wajen jin ta bakin yarinyar kuma, mace ce za ta zauna da ita, a ɗakin da aka rufe ƙofa, ba a ofishin da masinja yake tsaye a bakin taga masu neman takardar shaidar ɗan ƙasa suna leƙe ba. A zauna daidai tsawonta, ko a tabarma ne. A ce mata, gaya mini abin da ya faru, sannan a yi shiru a jira. Kada a sa mata suna a baki, kada a ce me ya kai ki ɗakinsa. A rubuta da kalmominta yadda ta faɗe su, ko da kalmomin yara ne. Kuma a yi ƙoƙari kada ta yi ta maimaita labarin ga duk wanda ya shigo, domin kowace maimaitawa sabon ciwo ce.

Game da doka, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya tun 2003 take, amma sai kowace jiha ta yi tata, kuma Jihar Katsina ta samu tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ki nemi kwafi daga ma'aikatar harkokin mata, ki ajiye a ofis, ku riƙa karanta sashe ɗaya tare a kowane zama. Kada ki ɗauka duk wanda za ki yi hulɗa da shi ya karanta ta. Idan za ki je gaida baturen 'yan sanda ko alƙali, ki tafi da kwafi ki bar musu.

Sai littafi. Ki sayi babban littafi mai kauri ko da daga aljihunki ne. Kowace magana ta samu lamba, da ranar da ta shigo, da sunan ma'aikaci ɗaya tak da ke riƙe da ita, da ranar da za a sake komawa gidan. Wannan gurbin na ƙarshe shi ne ran littafin. Kowace Litinin da safe ku zauna ku shida, ki buɗe, ki bi lamba-lamba. Lamba goma sha huɗu, Malam, yarinyar da aka mayar makaranta, ka ce za ka koma ranar Alhamis, ka je? Ka gan ta da idonka a aji ko hedimasta ne ya gaya maka? Ba faɗa ba ne, ba kuma tozarci. Amma in ma'aikaci ya san za a kira lambarsa ranar Litinin, zai je ranar Alhamis. Littafin ya kwana a kulle, makulli a hannunki. Ki kuma haramta ɗaukar hoton yaro a watsa a WhatsApp ko Facebook da sunan neman taimako ko nuna aiki. Daura gari ne da kowa ya san kowa, hoton da aka saka yau zai bi yarinya har ɗakin mijinta.

Ba a rufe magana don an mayar da yaro gida. Mun ga wannan ƙarara a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu. An kawo yara a motoci, an damƙa su ga iyaye, an rubuta an gama. Ba a jima ba da yawansu suka sake komawa inda suka fito, domin abin da ya fitar da su daga gida yana nan bai gusa ba. Haka kuma abin da ya faru a watan Oktoba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a nan Daura suka fitar da mutum fiye da 60, cikinsu har da yara. Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne, akasari iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, saboda shaye-shaye ko gagara, don ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ofishinki ya kamata ya zama wannan ƙofar. Ki kuma riƙa ziyartar tsangayu tun babu matsala, ki tafi da namiji dattijo daga cikin ma'aikatanki, ku gaida alaramma da ladabi, ku tambayi lafiyar yara da inda suke kwana. Malamin da kika taɓa taimaka wa aka kai almajirinsa asibiti, shi zai kira ki da kansa ranar da wani abu ya faru.

Wannan ya kawo ni kan mutum biyun da suka girme ki. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki ba su girmansu a gaban jama'a, ki kira su Baba ko Yaya yadda ya dace, ki damƙa musu zaman sulhu, domin akwai uban da ba zai saurari mace mai ƙuruciya ba amma zai sunkuyar da kai a gaban furfura. Gyara kuwa sai ku biyu a ɗaki. Amma littafin Litinin bai san babba ba, lambarsu ma ana kira.

Ki je gaida hakimi tun kafin ki buƙace shi, ki roƙi a gabatar da ke ga dagatai da masu unguwanni ranar da suke taruwa. Babu gidan da mai unguwa bai san abin da ake ciki ba, kuma shi ne zai raka ma'aikacinki ya shiga inda ba zai shigu shi kaɗai ba. Ki faɗa musu a fili, tun ranar, irin maganar da za ku sasanta tare da irin wadda dole ta wuce gaba, don kada daga baya a ce kin raina sarauta. Hukumar Hisba da aka kafa a jihar nan a 2023 ita ma tana karɓar ƙorafin aure da na yara, don haka ku zauna ku fahimci juna, kada iyali ɗaya su riƙa yawo tsakaninku kowa na faɗa musu daban. Ki kuma tuna ƙasar Daura bakin iyaka ce. Ƙananan hukumominta biyar, Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, duk kusa da Nijar suke, kuma hanyar Kwangwalam sananniya ce ga masu safarar mutane. 'Yan kamasho da shugabannin tasha su ne suke fara ganin mace ɗaya da ƙananan 'yan mata shida waɗanda ba su san sunan garin da za a kai su ba. Ki san su, su sanki, ki kuma san wanda za ki kira a hukumar shige da fice da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Maganar kuɗi ba ni da dabarar da za ta haifar da su. Ki riƙa rubuta wa daraktan sashenku da ciyaman takarda kowane wata, shafi ɗaya: magana kaza ta shigo, kaza an warware, kaza ta tsaya saboda rashin kuɗin mai. Lokacin shirya kasafi ki nace a sa wa aikin yara layinsa na kansa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ba zai amfane ki da komai ba idan sashenki ba ya cikin kasafin. Abu ɗaya dai kada ki yarda da shi ko ana ha-maza-ha-mata: ma'aikaci ya karɓi kuɗin mota daga mai ƙara ko wanda ake ƙara. Wanda ya zuba mai a babur yana ganin ya sayi maganar, talakan da ba shi da shi kuma ba za a je gidansa ba. Idan ƙungiyoyi irin su UNICEF ko Save the Children suka kira bita a Katsina, ki riƙa juya zuwan a tsakanin ma'aikata, kada ya zama ke kullum ko wani ɗan lele. Na ga ofishin da alawus ɗin bita ya raba kan mutanensa har ba sa gaisawa.

Ki lura da mutanenki. Wadda take zama da yaran da aka yi wa fyaɗe tana tafiya gida da abin a ranta, ita ma uwa ce. Idan kika ga ta fara saurin fushi, ko tana gudun shiga ɗakin, ko ta daina barin 'yarta zuwa Islamiyya, ki zauna da ita, ki canza mata aiki na ɗan lokaci. Kada ki tura kowa shi kaɗai gidan da ake rigima. Duk da yankinmu ya fi su Batsari da Jibiya da Safana kwanciyar hankali, a riƙa tambayar dagaci halin hanya kafin a tashi.

Akwai tambayar da za ta same ki ba shiri, galibi ranar Juma'a da yamma an tashi daga aiki: yaron nan da ba zai yiwu ya koma gidansu ba, ina zai kwana yau? Ki nemi amsarta tun yanzu. Ki tambayi ma'aikatar harkokin mata wurin da suke ajiye yara da yadda ake kai su. Ki kuma nemi gidaje biyu ko uku na mutanen kirki a garin, da sanin hakimi da 'yan sanda, waɗanda za su iya riƙe yaro kwana biyu kafin a samo gwaggo ko kaka da za a amince da ita. Ki shiga gidajen da kanki ki ga inda yaron zai kwanta da waɗanda suke kwana a wurin, a kuma rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar da za a dawo ɗaukarsa. Kada ki kai shi gidanki, domin gobe lauyan wanda ake zargi zai ce ke kika kitsa masa abin da zai faɗa.