Psilocybin zai sa in daina riƙe komai gam?

Ɗan'uwa ka ce komai sai ka tsara shi ka riƙe gam har barci ya gagare ka, kana tambaya ko psilocybin, sinadarin nan mai sa maye na cikin wata irin laimar kwaɗi, zai sa ka saki. To akwai abin dubawa kam. A 2016 jami'ar Johns Hopkins a Amurka ta gwada shi kan masu ciwon daji (kansa) da tsoron mutuwa ya addaba, da yawansu fargabar ta ragu har bayan wata 6.

Amma fa can sai da aka tantance su aka shirya su, ga ƙwararru zaune gefensu. Kai kuma da ba ka iya sakin komai, in abin ya fara hawa ka hau kokawa da shi nan firgici ke shigowa, kuma ba shi da birki sai ya sauka da kansa bayan awa 4 zuwa 6. In akwai taɓin hankali a danginku ko kana shan lithium (wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa) kar ma ka kusance shi, ga shi yawancin ƙasashe doka ta hana.

Ni dai riƙon nan naka ya fi min kama da ciwon fargaba, fara ganin likitan ƙwaƙwalwa tukunna.