Amsa ga mai neman ƙofar shiga sashen raya shirye-shiryen talabijin

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa don kada in ba ki guntuwar amsa. Kin ce kin gama karatu, ranki yana kan aikin talabijin, musamman ɓangaren da ake ƙirƙiro shiri ko dokumantari tun kafin a ɗauki kamara. Ba ki da kowa a harkar, kuma kina yawan cin karo da tallan guraben da aka ware wa baƙar fata, masu buƙata ta musamman da 'ya'yan marasa ƙarfi. Kina son sanin ko na gaske ne ko na ganin ido, da kuma ta inda za ki fara.

Na gaske ne, don ni ma ta irin wannan gurbin na shiga. Sai dai wa'adi gare su, wata uku, wata shida, in ya yi tsawo shekara. Abin da zai sa a sake kiranki bayan wa'adin ya cika shi ne ki zama mai kawo labari tare da mutumin da ya yarda a ɗauke shi. A kan wannan zan fi daɗewa. Mafi yawan aikina da kamfanonin Birtaniya na yi shi, saboda haka misalaina za su karkata can.

Da yawa suna zaton sashen raya shirye-shirye wurin kamara ne da fitilu. Ɗaki ne na mutum uku ko huɗu, a ƙananan kamfanoni ma mutum ɗaya ne da kwamfutarsa. Aikin shi ne karatu, buga waya da rubutu. Ki bi jaridun ƙananan garuruwa, rahoton kotu, binciken jami'a, hirar da ake yi a intanet, ki tsamo abin da zai iya zama shiri, ki rubuta shi a shafi ɗaya ko biyu, a kai wa editan tasha mai ba da kwangila. Mafi yawan abin da za ki rubuta ba zai taɓa fitowa a allo ba, kuma ba gazawarki ba ce, haka sana'ar take. Wanda ba ya jure jin "a'a" daga safe zuwa yamma gara ya nemi wani ɓangaren.

Ga yadda zaman farkon mako yake tafiya. Kowa ya zo da abin da ya tsinto. Sai sabon shiga ya ce yana so a yi shiri kan masu ciwon ƙoda da ke jiran dashe. Shugabar sashe ba za ta ma ɗago kai daga takardarta ba, sai ta ce: "Wa za mu bi? Ya yarda? Me zai faru a gabanmu? Wace tasha, ƙarfe nawa?" In babu amsa, an wuce wurin. Amma a ce ke kika zo, kika ce akwai wani direban motar haya da ke aikin dare, ana wanke masa ƙoda sau uku a mako, wata mai zuwa za a gwada ƙaninsa a ga ko zai iya ba shi tasa, su biyun kuma sun yi shekaru ba sa magana, kin yi hira da shi har sau biyu ya ce ba ya ƙin a ɗauka. Nan take za ki ga an ajiye biro. Na farkon batu ya kawo, ke kuwa kin kawo mutum, da abin da zai faru, da ranar da zai faru. Kusan duk darajar mai bincike a wannan sashe a nan take.

Yana da kyau ki san dalilin da ya sa kamfani ke biyan mutane su zauna suna tunani. A Birtaniya, tun dokar watsa labarai ta 1990 aka wajabta wa manyan tashoshi su sayi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na wasu shirye-shiryensu daga kamfanoni masu zaman kansu. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta share wa waɗannan kamfanoni hanyar riƙe haƙƙin mallakar shirin da suka yi, su sayar da shi wasu ƙasashe. Dabara ta zama jari ke nan. Kamfanin da bai da sabon abin da zai kai wa tasha bai da aiki shekara mai zuwa. To in duk mutanen ɗakin makaranta iri ɗaya suka yi, jarida ɗaya suke karantawa, mutane iri ɗaya suka sani, labari iri ɗaya za su yi ta kawowa. Don haka in kin je ganawa kada ki shiga kamar mai neman alfarma. Kina ɗauke da abin da suke rasa.

Yanzu guraben. Creative Access tun 2012 take haɗa mutanen da ba su da yawa a harkar da kamfanoni, kuma guraben da take tallatawa na biya ne. Ki yi rajista ki riƙa leƙawa kullum, domin na sashen raya shiri ba sa daɗewa a buɗe. Channel 4 tana da shirin horo na shekara guda, inda take tura mutum wani kamfani mai zaman kansa ya yi aiki da albashi, yawanci a wajen Landan, tunda tashar da kanta ta buɗe babban ofishi a Leeds da wasu a Bristol da Glasgow. Grierson DocLab na matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 25 masu son dokumantari, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da abin da kike nema, don ana sa mutum ya tsara dabararsa ya gabatar a gaban ƙwararru. Akwai The Network, shirin horar da sababbin shiga da ke tafiya tare da bikin talabijin na Edinburgh a watan Agusta, kyauta ne. Akwai MAMA Youth Project da Bob Clarke ya kafa, inda ake koyo ta hanyar yin shiri na gaske. ScreenSkills kuma tana da gajerun darussa a intanet, da yawa ba a biyan ko sisi, ki yi su kafin ki nemi komai.

Wani zai ce miki ai wannan wariya ce, an ɗauke ki ne don a cike lissafi. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta yarda a ƙarfafa wa rukunin da aka bari a baya gwiwa, a ba su horo, a kira su su nema, amma ba ta yarda a ba mutum aiki don launin fatarsa kawai alhali wani ya fi shi cancanta ba. Ganawar da za ki yi ta gaske ce, kuma masu nema suna da yawa ƙwarai.

Abin da ba a rubutawa a tallan shi ne abin da ke biyo baya. A watan Yunin 2020 BBC ta yi alkawarin kashe fam miliyan 100 cikin shekara uku kan shirye-shiryen da suka ƙunshi kowa da kowa, ta kuma ce kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatan bayan kamara a sababbin kwangiloli su fito daga rukunonin da ba su da wakilci. A lokacin sai ƙofofi suka yi ta buɗewa. A shekarar ce David Olusoga, masanin tarihi kuma mai gabatar da shirye-shirye, ya yi jawabinsa na bikin talabijin na Edinburgh, inda ya nuna cewa an sha ɗaukar baƙar fata da sauran tsiraru a harkar, amma ba a riƙe su, ba a ɗaga su, har su gaji su bari. Alƙaluman Diamond, tsarin da tashoshin suka fara amfani da shi a 2016 don ƙidaya waɗanda ke gaba da bayan kamara, su ma abin da suke nunawa ke nan: ana samun mu a ƙasa, muna raguwa in an hau sama, masu buƙata ta musamman kuwa sun fi kowa ƙaranci. Sai kuma a 2023 aiki ya yi ƙasa sosai har ƙungiyar ma'aikata ta Bectu ta ayyana halin gaggawa ga masu aikin ƙwadago a shirye-shiryen da ba na wasan kwaikwayo ba. In aiki ya tsuke, wanda iyayensa za su iya riƙe shi wata huɗu ba albashi shi ke saura. Ki shiga da wannan a ranki, kuma ki fara neman aiki na biyu tun kina tsakiyar na farko. Babu wanda zai ga laifinki, kowa haka yake yi.

Akwai wani tarko da nake so ki kula da shi. A wani kamfani da na yi aiki, duk lokacin da aka zo kan labarin Musulmi, ko 'yan gudun hijira, ko Afirka, sai kowa ya juyo ya kalle ni. In ana maganar shirin kimiyya ko na tarihi kuwa, ko sunana ba a sawa a wasiƙar kiran taro. Da farko abin yana da daɗi, an san da kai. Daga baya sai ka ga ka zama mai buɗe musu ƙofar mutanenka kawai: kai za ka yi ta waya har wani dattijo ya amince, ranar zuwa gaban tasha kuma wasu ne za su je. Maganinsa, duk mako ki kawo dabara biyu, ɗaya daga duniyar da kika sani, ɗaya wadda ba ta da alaƙa da ke ko kaɗan, ko ta jiragen ruwa ce ko ta ginin gada. Kuma in ke kika samo mutum, ki nemi a tafi da ke taron, ko da ba za ki ce uffan ba. Ki nema da bakinki, ba a bayarwa haka nan.

Amanar mutanen da kika samo ma a wuyanki take. Wanda ya yarda da ke saboda yarenku ɗaya ko addininku ɗaya, ke zai kira in shirin ya fito ya ga an nuna shi yadda bai so ba, ba furodusa ba. Kada ki yi alkawarin abin da ba ke za ki yanke ba. Kada ki ce masa tabbas za a yi shirin, kada ki ce zai ga komai kafin a watsa. Ki faɗa masa gaskiya cewa har yanzu ana kan nema, yana iya yiwuwa, yana iya lalacewa.

Batun mallaka a taƙaice: abin da kika ƙirƙira kina ma'aikaciyar kamfani, a ƙa'ida na kamfanin ne. In kina da wani labari da kike ji da shi, wanda kike son wata rana ki ba da umarninsa da kanki, ki karanta takardar aikin da kyau kafin ki sa hannu, kuma kada ki zuba shi a taron farkon mako don neman burgewa.

Ba ki faɗi ƙasar da kike ba. Guraben Birtaniya kusan duka suna buƙatar izinin aiki a can. In Amurka kike, ki duba Firelight Media da mai shirya dokumantari Stanley Nelson yana cikin waɗanda suka kafa ta, tana da shirin raino na masu dokumantari waɗanda ba farar fata ba. Sundance ma tana da asusun dokumantari. ITVS, mai tallafa wa dokumantari na talabijin ɗin jama'a, ta daɗe tana ba da kuɗin raya shiri, amma tun da majalisar Amurka ta janye kuɗin kafafen jama'a a 2025, ki tabbatar da abin da ke buɗe kafin ki ɓata lokaci. In a Afirka kike, hanyar ta ɗan bambanta, domin an fi tallafa wa fim ɗinki na kanki a kan a ba ki kujera a kamfani. IDFA Bertha Fund da ke Amsterdam da Hot Docs-Blue Ice Docs Fund na Toronto duk suna ba da kuɗin matakin farko. Durban FilmMart wuri ne na haɗuwa da masu zuba kuɗi, MultiChoice Talent Factory kuma horo ne a Legas, Nairobi da Lusaka.

A takardar nema kusan koyaushe za a ce ki kawo dabarar shiri, ko ki faɗi wani shiri da kika kalla da ra'ayinki a kai. Nan ake zubar da mafi yawan mutane. Kada ki rubuta cewa kina ƙaunar talabijin tun kina ƙarama, kowa ya rubuta haka. Ki kalli abin da kamfanin ya yi a shekara biyu da suka wuce, ki zaɓi ɗaya, ki faɗi inda ya yi kyau da inda ya yi sanyi, da ladabi amma ba tsoro. Dabararki kuma ta kasance da suna, da jimla ɗaya mai bayyana ta, da mutumin da za a bi, da tashar da ta dace da ita. In kin riga kin yi magana da mutumin, ki faɗa, don wannan kaɗai zai raba ki da sauran. In za ki iya ɗaukar minti biyu da wayarki yana magana, da izininsa, ya fi shafi biyar na bayani. Aikin da kika taɓa yi a kanti, ko cibiyar amsa waya, ko kula da marasa lafiya, ki sa shi, kada ki ɓoye. Wanda ya saba lallashin baƙon da ransa ya ɓace a waya ya riga ya iya rabin aikin mai bincike.

In kina da buƙata ta musamman, ki faɗi abin da zai sauƙaƙa miki tun a matakin ganawa, ko ƙarin lokaci ne, ko a turo tambayoyi tun da wuri, ko wurin da keken guragu zai shiga. Haƙƙinki ne a dokar Birtaniya, kuma yadda suka amsa zai nuna miki irin wurin da za ki shiga.

Aikin kyauta kuwa, ban da kwana biyu ko uku na leƙa yadda ake yi, ba na ba ki shawara. In an sa miki lokacin zuwa da tashi, an ba ki aikin da dole ki gama, ma'aikaciya ce ke, a biya ki.

Ki rubuta shafi ɗayan nan a wannan makon, ki sa shi a nan ƙasa amma ki cire sunan mutumin da garinsa. Zan karanta in faɗa miki inda editan tasha zai tsaya ya yi tambaya, kuma na san akwai wasu a cikinmu da suka fi ni daɗewa a harkar, su ma za su sa baki. Allah ya ba da sa'a.