Amsa: Bututun numfashi yana ragwantar da tsokar mai ninƙaya?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka da ke atisayen ninƙaya a nan Maradi ya samo bututun numfashi irin wanda ake ɗaurawa a goshi, kana tsoron kada ya ragwantar masa da jiki. Ba ragwantarwa yake yi ba, sauya wa tsokoki aiki yake yi.

Mai ninƙayar rub-da-ciki dole ya riƙa juya kai gefe don shaƙar iska, tsokokin wuya da na kafaɗa su yi ta aiki, galibi ma gefe ɗaya ya fi wahala. Da bututu kai yana tsayawa cak, wuya ya huta, jan ruwa da hannayen biyu ya fi daidaita.

Ƙirji ne ke biyan kuɗin. Dama akwai iska kusan mililita 150 da ke tsayawa a hanyar numfashi ba ta isa cikin huhu, bututun kuma ya ƙara nasa. Sai mutum ya sake shaƙar wani ɓangare na iskar da ya fitar, don haka tantanin da ke ƙarƙashin huhu da tsokokin tsakanin haƙarƙari su ja da ƙarfi. Shi ya sa sabon shiga ke saurin haki.

A ganina kada ya wuni da shi a baki. Hukumar wasannin ninƙaya ta duniya, World Aquatics, wadda ake kira FINA har zuwa ƙarshen 2022, ba ta yarda da shi a gasa ba, ranar tsere sai ya juya kai. Ya gwada shi a kwamin ninƙaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ba a tafkin Madarunfa ba.