Me Ya Sa Ba Na Jin Girgizar Agogona Da Sanyin Asuba?

Tambaya: Malam, ina da agogon hannu na zamani wanda ke girgiza idan saƙo ya shigo. Tun da hunturu ya kama nan Jos ba na jin girgizar sosai da asuba, amma da rana lafiya ƙalau. Ko ya fara lalacewa ne?

Amsa: Kada ka yi gaggawar kai shi wurin mai gyara, domin na fi zargin fatarka a kan agogon. A ƙarƙashin fata akwai ƙananan jijiyoyi da ake kira Pacinian, waɗanda aikinsu shi ne jin girgiza mai sauri, kuma sun fi kaifi idan ta kai kimanin sau 250 a daƙiƙa guda. Da zarar fata ta yi sanyi ƙwarai, ta sauka daga digiri 32 zuwa 34 na Salshiyas da ta saba, sai kaifinsu ya dusashe, girgizar da ta tashe ka jiya ta wuce yau ba ka sani ba. Ka ɗumama hannun ka sake gwadawa; idan jin ya dawo, to ka ƙara ƙarfin girgizar a saitin agogon, ka kuma ɗan matse madaurin.

Tambaya: Na ji akwai na'urorin da ake sawa a jiki masu haɗa girgiza da zafi ko sanyi. Yaya suke aiki?

Amsa: Galibinsu, irin Reon Pocket na kamfanin Sony da ake maƙalawa a ƙeya don ɗumama ko sanyaya jiki, suna amfani da wani ɗan faranti da ke sanyi ta fuska ɗaya, zafi ta ɗaya, idan lantarki ya ratsa shi, bisa abin da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834. Wahalar tana wajen haɗa shi da girgiza, kamar a safar hannun wasannin kwamfuta, saboda girgiza nan take take isa, shi kuwa zafi sai ya ɗauki daƙiƙoƙi, ga cin batir. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta rarrabe jin zafi ko sanyi da jin taɓawa tsaf: tuni masanin kimiyya Bajamushe Ernst Weber ya lura cewa kwabo mai sanyi a goshi ya fi mai ɗumi nauyi a ji.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuna. Zafin digiri 44 kacal yana iya ƙona fata idan ya daɗe a kanta kamar awa 6, don haka mai ciwon suga da jin fatarsa ya ragu kada ya kwana da irin wannan na'ura a jikinsa.