Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta ƙi ganin Wi-Fi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Raspberry Pi 4 a Computer Village da ke Ikeja domin yaran Islamiyyarmu su riƙa koyon kwamfuta. Na jona ta da talabijin, komai ya fito tsaf, amma idan na danna alamar Wi-Fi a saman allo ba ta nuna ko suna ɗaya. Wayata kuwa tana kama intanet ɗin gidan lafiya lau. Ko jabu aka sayar mini? Daga mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar hawa danfo ka koma Ikeja neman rigima. Na fi zargin ba ka gaya wa na'urar ƙasar da take ba ne. Kowace ƙasa tana da dokar tashoshin rediyon da aka yarda a yi amfani da su, shi ya sa manhajar Raspberry Pi OS take toshe Wi-Fi har sai an zaɓi ƙasa.

Buɗe Terminal, wato baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta rfkill list. Idan ka ga yes a gaban Soft blocked, to lafiyar na'urar ƙalau, kulle ta aka yi. Rubuta sudo raspi-config, shiga Localisation Options, sai WLAN Country, ka zaɓi NG, wato Najeriya, ka sake kunnawa. In wani ya riga ya sa mata Amurka, gyara, domin a haka ba za ta ga tashoshi na 12 da 13 ba, kuma wasu na'urorin intanet a kan waɗannan tashoshin suke zama.

Idan har yanzu shiru, duba caja. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3. Cajar wayar da ake tallarta a cunkoson Oshodi ba kasafai take ba da haka ba, ko me aka rubuta a jikinta, ga kuma wutar janareta da ke hawa da sauka. Rubuta vcgencmd get_throttled domin ka ga ko wuta tana isar ta. In ba 0x0 ya fito ba, cajar ce abin fara zargi. Akwatin ƙarfe da ake sa ta a ciki ma yana rage mata ƙarfin kamawa, cire shi ka gwada.

Ka kuma yi hattara da tsofaffin bidiyoyin da ke cewa a gyara fayil ɗin wpa_supplicant.conf. Tun fitowar Bookworm, wato samfurin Raspberry Pi OS na 2023, manhajar NetworkManager ke riƙe da aikin haɗa Wi-Fi. Umarnin nmcli device wifi list shi zai jero maka duk abin da ke kusa.

Sai fa idan ka rubuta ip link ba ka ga wlan0 ba, wato sunan sashen Wi-Fi na na'urar, ka sake sa manhajar a sabon katin ajiya kuma bai fito ba, to ɗauki rasit ɗinka ka koma wurin mai shago.